Matatar hamonik: in saya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗakin sanyi a Jidda, ina ajiye kaji da nama. Tun da aka sa wa kwamfiresoshinmu inbata, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, bireka ke yawan faɗuwa, kafasito biyu ma sun kumbura. Injiniya ya ce in sayi matatar hamonik mai sarrafa kanta, kuɗinta ya kusa na ƙaramar mota. Wai har kuɗin wuta za ta rage mini. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka ciro ko riyal ɗaya tukuna.

Wutar Saudiyya tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa. Ita kuwa inbata ba ta shan wuta a jere, kurɓa-kurɓa take yi, sai ta haifar da wasu igiyoyi masu ninkin wancan saurin sau 5 da sau 7, wato 300 da 420. Su ne hamonik. Ba abin da suke tsinanawa sai dumama waya da taransifoma. Kafasito, wato na'urar da ke tara caji tana sakewa, ya fi kowa ji a jikinsa, don iya saurin igiya iya yadda yake janyo ta, shi ya sa ka ga naka sun yi ciki.

Matatar, zobba ake maƙala mata a jikin manyan wayoyi suna auna abin da ke wucewa. Ta ware dattin, wato hamonik ɗin, nan take ta harba wuta daidai girmansa amma kishiyarsa, su kashe juna. A gefen layi ake jona ta, saboda haka ko ta tsaya sanyinka bai tsaya ba. Na'ura ce ta gaske, ban raina ta ba.

Maganar rage kuɗin wuta ce ban saya ba. Mita aikin da injinanka suka yi yake ƙirgawa, ragin da za ka gani bai taka kara ya karya ba. Ribarta tana cikin kajin da ba su narke ba. Ɗauko littafinka ka haɗa asarar bara: kayan da suka lalace, kuɗin gyara, kwanakin da ka rufe. Wannan za ka gwada da farashinta, bayan ka ɗora harajin kashi 15.

Kafin nan, a sa na'urar awo a babban akwatin wutarka mako guda cur, lokacin da duk injina ke aiki, kuma mai awon kada ya zama shi ne mai sayarwa. Ƙa'idar IEEE 519, wadda injiniyoyin lantarki ke bi a kan hamonik, ta ce gurɓacewar ƙarfin wuta kada ta wuce kashi 8 a layin da bai haura bolt 1,000 ba. Sau da yawa riyakta, wato naɗaɗɗiyar waya mai rage hamonik, a gaban kowace inbata, da wata a kan kafasito, sun isa, a kuɗi kaɗan.

In awo ya ce sai matatar, da amfiya ake sayar da ita, ka ɗauki daidai abin da aka auna da ɗan rara. Ka kuma tanadar mata ɗaki mai esi: yawancinsu ƙarfinsu na raguwa in zafi ya wuce digiri 40, ka kuwa san Jidda a watan Yuli.