In biya kafin alƙalamin jarumi tun yanzu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na tara 'yan kuɗina zan yi fim ɗina na farko, rabi a Katsina rabi a Daura. Labarin saura gyara. Wani da ya ce ya san manyan jarumai a Kano ya matsa mini in ba shi rabin kuɗin ya kama mini ɗaya kafin a riga ni. Hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wani matashi, Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna.

Wannan magana ta "kama jarumi, sauran mai sauƙi ne" ta kashe finafinan matasa da yawa tun ba a kunna kyamara ba, kuma kullum sai an zo mini da ita. Jarumi ranakunsa yake sayarwa. To kai kwana nawa za ka saya, a wane wata? Ba ka sani ba, tunda labarin ma bai kammala ba. Ka biya yau, ranar da ka shirya yana wani lokeshin, kai kuma hayar kyamara da fitilun da ka ɗauko daga Kano tana ci, janareto na shan mai, ma'aikata na jiran tuwon dare. Shi kuwa ɗan tsakiyar, wayarsa a kashe. Wallahi irin waɗannan dillalan, da ba su taɓa kwana a lokeshin ba amma kowane jarumi "abokinsu" ne, sun ishe mu. Gaggawar da yake cusa maka ita ce jarinsa. In da gaske ya san jarumin, ya haɗa ku baki da baki, a rubuta ranaku da kuɗi, a sa hannu gaban shaidu. Yarjejeniyar fatar baki ba ta riƙe kowa.

Gama rubutun. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, daga nan za ka san tsawon fim ɗin. Sai ka rarraba fitowa-fitowa: wa ke ciki, ina ne, dare ko rana. Duk na Daura ka tara su wuri guda, kada ka riƙa zarya da mutane a hanyar da ta kai kusan kilomita 80. Hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu ba a shiga da kyamara don an san mai gadi, nemi izinin masu kula da wurin a rubuce. Duba wata kuma: hazon hunturu na cinye hoton nesa, damina na rushe jadawali, azumi na rage awannin aiki.

A kasafi, ware kuɗin tace hoto da sauti da na Hukumar Tace Finafinai tun farko, ka ajiye kashi 10 na ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi zai faɗa maka jarumin da za ka iya nema.