Ga ƙanena da ke son ajiye aiki ya taho Legas

Saƙonka ya iso, na uku ke nan a wata ɗaya, kuma duk maganar guda ce: albashin shagon Kantin Kwari ba ya kai ka ƙarshen wata, in nemo maka wani abu a Legas. Da gangan na yi shiru a biyun farko. Yanzu da ka ce har ka shirya sallamar maigidanka, dole in yi magana.

Ni ba marmari ne ya fito da ni daga Kano ba. A Janairun 2013 aka hana acaɓa, babur ɗin da nake ciyar da iyali da shi ya koma zaman zaure. Na ɗora shi a bayan tirela, muka kwana biyu a hanya, na sauka Agege ban san kowa ba sai lambar waya guda a aljihu. Kai kuwa aikinka na nan, ba wanda ya kore ka, kuma da dare tuwon Hajiya na jiranka.

Mu takwas ne a ɗaki ɗaya. Akwai Bazamfare, akwai 'yan Maraɗi biyu, akwai wani ɗan Barno da ba ya dariya sai in an yi zancen ƙwallo. Teburin mai shayin bakin layi shi ne majalisarmu, a nan muke zubin adashi, a nan ake rabon faɗa. Ranar da danfo, motar hayar Legas, ta make ni a Oshodi na karye a ƙafa, su suka haɗa kuɗin ɗori. Bazamfaren nan shi ke cicciɓa ta zuwa banɗaki har wata biyu, bai taɓa ɓata fuska ba. Wallahi ɗan uwa na jini iyakar abin da zai yi ke nan.

Sai gwamnatin Legas ta taƙaita okada, wato acaɓa, a Fabrairun 2020, ta sake ƙarfafa dokar ranar 1 ga Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu. Babur ɗin da aka kama ba ya dawowa, murƙushe shi ake yi. Kafin damina ta wuce ɗakinmu ya watse. Wani ya yi Ibadan, 'yan Maraɗi suka koma gida, Bazamfaren ya ce zai je ya ga mahaifiyarsa ya dawo. Lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Yana bi na naira dubu 15, na ware su a leda cikin akwati tun lokacin, na rasa wanda zan miƙa wa. Sunan ƙauyensu ma ban taɓa tambaya ba, don na ɗauka kullum muna tare.

Kada ka ce ai na Kano suna nan. Suna nan, amma in na je Sallah kujera ake ɗauko mini su suna kan tabarma, ana ce mini Alhajin Ikko. Hirar da suke yi ban san farkonta ba. In an tashi, kowa ya ja ni gefe da tasa matsalar, kamar a nan kuɗi ake shara. Aminina na ƙuruciya ya rasu ina tsakiyar ƙirga buhuna, kafin in kai tasha an dawo daga maƙabarta. Gaisuwa a waya na yi, har yau matarsa ba ta sake mini fuska ba, kuma ban ga laifinta ba.

Alhamdulillahi ban tashi a tutar babu ba. Ina da rumfata a kasuwar Mile 12, albasa na zo mini daga Aliero, yara biyu na ci a ƙarƙashina, kuma ɗakunan da ka gani a gida gumina ne. Sai dai dako na fara yi a kasuwar nan da furfura a gemuna, yaran da na haifa suna aike na. Kai da ka saba zama kan benci kana auna yadi a inuwa, ka shirya wa wannan? Ɗaki kuma kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga na ejan, ga na takardar yarjejeniya, tun ba ka samu ko sisi ba.

In ka nace, kada ka ajiye aikin. Roƙi maigidanka hutun sati biyu bayan Sallah, ka zo ka kwana a rumfa, ka tashi ƙarfe huɗu ka sauke mota tare da yarana. Kuɗin motar zuwa naka ne, na komawa ni zan biya. Ka taho mini da yajin Hajiya, ka gaishe ta da kyau, kuma kada ka gaya mata zancen ƙafar nan, har yau ba ta sani ba.