Auna tasirin malami kafin ka zaɓe shi

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gane ko malamin da zai duba maka digiri na uku a Riyad, a fannin jinyar matsalolin ƙwaƙwalwa, yana da tasiri. Kada yawan takardun binciken da ya wallafa ya ruɗe ka. Duba h-index ɗinsa, wato ma'aunin tasirin mai bincike, a Scopus, rumbun bayanan takardun bincike a intanet: in 12 ne, yana da takardu 12 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 12. Ka cire ambaton da ya yi wa kansa.

Sunayen Larabawa kan rabu gida biyu, Mohammed a nan, Muhammad a can, sai lissafin ya ragu. Don haka nemi lambar ORCID ɗinsa, wato lambar shaida da ke bambanta kowane mai bincike ko yaya aka rubuta sunansa. Sannan ka zauna da takardunsa uku na ƙarshe: majinyata nawa aka gwada, wata nawa aka bibiye su bayan jinya?