Makaho, Jagora da Gorar da ke Tsakaninsu

Wata malamar firamare daga Unguwar Rogo a Jos ta rubuto: "Malam, muna tara gudummawa don ƙungiyar makafi ta unguwarmu. Wasu sun ce kada mu sa 'makafi' a takardar, wai cin fuska ne. Haka ne?"

Malama, Allah ya saka da alheri. Makaho, makauniya da makafi tsohuwar Hausa ce, dangin makanta da makancewa, kuma babu zagi a cikinta. Garuruwanmu da dama suna da Sarkin Makafi, kuma da sunan nan jama'arsa suke girmama shi. "Masu lalurar gani" da ake yawan ji a rediyo ita ma tana da gurbinta, domin ta haɗa har da wanda ganinsa ya yi rauni bai tafi duka ba, kamar mai yanar ido ko mai dundumi, wanda ba ya gani idan dare ya yi. Ki tambayi 'yan ƙungiyar sunan da suke so, ki rubuta shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka ɗaure kalmar da ƙoƙon bara, har yaro ya tashi yana zaton makaho da mabaraci abu ɗaya ne. Mu mutanen Filato ba mu da uzuri. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin ƙaramar hukumar Mangu, inda yara ke karatu da yatsa ta rubutun Braille mai ɗigo shida. Jami'ar Jos kuma tana horar da malaman masu buƙata ta musamman.

Wani ɗalibi daga Bukuru ya tambayi asalin kalmar "jagora".

Ɗana, raba ta biyu: ja, gora. Gora ita ce sandar da makaho ke riƙe da ƙarshenta, yaro yana gaba yana jan ɗaya ƙarshen. Daga nan kalmar ta hau har ta zama jagoranci, aka riƙa kiran shugaban tafiya da na jam'iyya jagora. Amma ka lura da abin da aka manta: ɗan jagora ba shi ke zaɓar inda za a je ba. Makahon ne ke cewa kasuwar Terminus ko masallacin Juma'a, yaro ya kauce masa rami da mota.

Haka nake so masu taimakon ƙungiyoyin nan su yi. Kafin ku sayi buhun shinkafa, ku zauna da shugabanninsu ku ji. Wataƙila kuɗin makaranta ne damuwarsu, ko farar sanda, ko takardar Braille, ko waya mai karanta rubutu da murya, ko kuɗin aikin yanar ido, wanda da yardar Allah yakan dawo da gani. Kuma kada a manta da ɗan jagoran kansa. Sau da yawa ɗa ne ko jika da ya bar aji saboda gorar. A sa shi cikin lissafi.

Tambaya ta ƙarshe kan karin maganar "makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi" ce. Ana yin ta ga wanda ya kushe abu don ya fi ƙarfinsa, ba makaho take nufi ba. Duk da haka, ni ba na faɗar ta a gabansa.