Layi ɗaya da ba a rubuta ba, manoma 14 aka biya sau biyu

Sani, ka ce: "Oga, ta yaya zan gane bayanin da na rubuta wa kayan aikin wakilin AI ya yi kyau, kafin mu miƙa wa mai aiki?" Ja kujera. Wakilin AI dai manhaja ce da ke aiwatar da aiki da kanta, kayan aikinsa kuwa su ne 'yan shirye-shiryen kwamfuta da muke rubuta masa ya riƙa kira, kamar na biyan kuɗi. Yadda ake tsara JSON Schema (tsarin fayyace gurabun da za a cike) da haɗa uwar garken MCP (ƙa'idar haɗa wakili da kayan aikinsa) ba zan ɓata baki a kai ba, tun Nuwambar 2024 da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP kowa ya haddace.

Wakilin nan bai taɓa ganin kod ɗinka ba. Abu uku kawai ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa, da gurabun da zai cike. Duk abin da ka bari a cikin kanka, a wurinsa babu shi, kuma ba lallai ya tsaya ya tambaye ka ba. Cankar amsa zai yi ya wuce.

Yaron da ya riga ka zama a wannan kujera shi ya koya mini haka, da kuɗina. Wani dillalin shinkafa a nan Birnin Kebbi, mai sayen shanshera wajen manoman Argungu da Suru, ya ba mu aikin wakilin da zai riƙa biyan manoma bayan awo. Kod ɗin lafiya lau, ni na duba shi. Bayanin kuwa kalma huɗu yaron ya rubuta: "Yana biyan manomi kuɗi." Ranar da aka fi kawo kaya sabis ya yi rauni. Wakili ya tura umarnin biya, kuɗi ya fita, amma tabbacin bai dawo cikin daƙiƙa 30 da muka sa ba, sai kayan aikin ya mayar masa da "an samu matsala". Wace matsala? Oho. Wakili ya yi abin da kowa zai yi, ya sake turawa. Manoma 14 kuɗi ya shigar musu sau biyu. Tara suka dawo da shi, Allah Ya saka musu. Sauran biyar har yau ana "sai an ga kaka". Dillalin ya zare kuɗin daga ladan aikina, ya kuma riƙe cikon, bayan shi ne ya hana mu mako guda na gwaji don wai kasuwa ba ta jira. Shi ma yaron ko a jikinsa, wai ai wakilin ne bai da wayo.

Abin da ya kamata bayanin ya ɗauka shi ne: wannan kira yana fitar da kuɗi kuma ba a janye shi, kowane biya yana da lambar shaida ɗaya, in za a maimaita a turo wannan lambar dai, in amsa ta makara, a fara kiran "duba matsayin biya". Saƙon kuskure ma bayani ne, ku yaran yanzu kun ɗauke shi shara. Ya faɗi abin da ya faru da abin da za a yi gaba.

Sai gurabu. In na ga "adadi" tsirara, na yi watsi da aikin. Naira ne ko kobo? Kamfanonin biyan kuɗi ta intanet da dama kobo suke karɓa, naira 5,000 sai ka rubuta 500000. Mai ciniki a Kamba kuwa yana iya nufin sefa. Buhu mai kilo 50 ko 100? Kwanan wata 03/04 uku ga Afrilu ne a wurinmu, a Amurka huɗu ga Maris; sa 2025-04-03 ka huta. Lambar waya da 0 za ta fara ko da +234? Kowane gurbi ka ba shi misali guda na gaskiya, wanda zaɓinsa ƙayyadadde ne ka jera zaɓin.

Auna bayanin kuma ba da ido ake yi ba. Fara miƙa shi ga wanda bai taɓa ganin kod ɗin ba. Duk tambayar da ya yi maka, rami ne. Sannan ka tattara buƙatu 30 yadda mai aiki ke faɗarsu da bakinsa, irin su "a sallami mutanen jiya ban da na Suru". Ware 10 ka ajiye. Sauran 20 ka gudanar da kowace sau biyar a asusun gwaji, don wakili ba ya maimaita amsa ɗaya kullum. Buɗe rajistar da ke adana duk kiran da wakilin ya yi, ka karanta da kanka: ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Gurabun sun cika daidai? Kira nawa ya yi kafin ya gama? In yana rikita "nemo manomi" da "jera manoma", ka haɗe su, ko ka rubuta a kowanne lokacin da ba a amfani da shi. In kira ɗaya na zubo masa sunaye 2,000, rage zuwa 20 a shafi.

Gyara jimla ɗaya, ka sake gwadawa, kada ka canza biyar a tare ka rasa wadda ta yi aiki. Sai ka gama sannan ka fito da goman nan da ka ajiye. Kuma kafin ka kira ni in duba, katse intanet da gangan a tsakiyar biya, ka kawo mini rajistar abin da wakilin ya yi.