Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙwallon Jami'a Ta Yi Ƙarfi Haka a Jihar Alabama?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani filin wasa a jihar Alabama ta Amurka ya cika maƙil, aka ce mini wai ɗaliban jami'a ne ke wasa, ba ƙwararru ba. Yaushe wannan al'ada ta faro, kuma me ya ba ta irin wannan ƙarfi?

Amsa: Mai tambaya, abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ƙwallon da ake magana a kai ita ce irin ta Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, kuma filin Bryant-Denny na Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa yana ɗaukar mutum sama da dubu ɗari, wato kusan yawan mazauna garin baki ɗaya. Jihar ba ta da ƙungiya ko ɗaya a babbar gasar ƙwararru ta NFL, saboda haka hankalin jama'a ya karkata ga jami'o'i biyu, Alabama da Auburn.

Dukansu sun kafa ƙungiyoyinsu a shekarar 1892, suka fara karawa a birnin Birmingham a watan Fabrairun 1893, inda Auburn ta yi nasara da ci 32 da 22. Bayan wasan 1907 sai saɓani ya shiga tsakaninsu a kan kuɗin guzurin 'yan wasa da zaɓen alƙalan wasa, abin da bai taka kara ya karya ba, amma ya hana su haɗuwa har zuwa 1948. Wannan karawa ce ake kira Iron Bowl, saboda masana'antun ƙarfe da Birmingham ta yi suna da su.

A ganina, asalin ƙarfin al'adar yana cikin wasan Rose Bowl, wani babban wasan jami'o'i da ake yi a Kalifoniya, na ranar 1 ga Janairun 1926. A wancan zamani jihohin Kudu ba su gama farfaɗowa daga kayen da suka sha a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ba, talauci ya yi musu katutu, mutanen Arewa kuma suna yi musu kallon ƙauyawa. Da Alabama, ƙarƙashin mai horarwa Wallace Wade, ta je Kalifoniya ta doke Jami'ar Washington da ci 20 da 19, sai mutanen Kudu suka ɗauki nasarar a matsayin tasu duka, suka riƙa fitowa tashoshin jirgin ƙasa suna tarbar 'yan wasan a hanyarsu ta komawa gida. Tun daga nan wasan ya zama wurin da yankin yake neman mutuncin da ya rasa a wasu fagage.

Wanda ya ɗora a kan wannan tushe shi ne Paul Bryant, da ake yi wa laƙabi da Bear, wanda ya horar da Alabama daga 1958 zuwa 1982, ya ci kambun ƙasa sau shida, ya kuma rasu a watan Janairun 1983, 'yan makonni bayan wasansa na ƙarshe. Sai dai ba a ba da labarin zamaninsa a tsallake wariyar launin fata. A shekarar 1963 Gwamna George Wallace ya tsaya da kansa a bakin ƙofa a jami'ar don hana ɗalibai baƙar fata biyu yin rajista, ƙungiyar ƙwallon kuwa ta ci gaba da zama ta fararen fata zalla har ƙarshen shekarun 1960. Ana yawan cewa kashin da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, mai 'yan wasa baƙar fata, ta ba Alabama a 1970 da ci 42 da 21 shi ne ya buɗe ƙofa, amma akwai ƙarin gishiri a maganar, domin kafin ranar Alabama ta riga ta ɗauki wani ɗan wasa baƙar fata mai suna Wilbur Jackson, kuma a 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya buga mata wasa. Kafin haka matasan baƙar fata suna wasansu ne a makarantun da aka keɓe musu, irin su Tuskegee da Alabama State da Alabama A&M, waɗanda har gobe suke da ƙungiyoyinsu da magoya bayansu.

Auburn ta ci kambun ƙasa a 1957 da 2010, mai horarwa Nick Saban kuma ya kawo wa Alabama wasu shida tsakanin 2009 da 2020, kafin ya yi ritaya a watan Janairun 2024.

Tambaya: To, ana biyan waɗannan ɗalibai kuwa?

Amsa: Shekara da shekaru abin da suke samu bai wuce karatu kyauta da abinci da wurin kwana ba, alhali masu horar da su suna kwasar miliyoyin daloli, tamkar dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A shekarar 2021 ne hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta sassauta dokarta, ta ba 'yan wasa damar samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu da hotonsu.