Tambaya da Amsa: Wannan faifan da ke wuyan sarauniyar Ingila fa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ni tela ce a nan Tudun Wada, Gusau. Wata amarya ce ta turo man hoto, wata sarauniyar Turawa ta zamanin da, wuyanta zagaye da wani farin abu kamar an aza kanta bisa faifai, wai irinshi take so a rigar dina. Ni dai na ce mata to, amma wallahi ko sunanshi ban sani ba balle in nemo yadda ake yi. Ga hoton nan. Mi ake ce mashi, kuma leshi ne ko mi?
Maman Husna, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Husna, Allah ya ƙara kasuwa. Kin ga ɗabi'ar teloli ko, a ce to tukuna sannan a tafi neman yadda za a yi! Hoton na Sarauniya Elizabet ta ɗaya ne, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, abin wuyan kuma Turawan Ingila suna rubuta shi ruff, a baki raf. Jamusawa da mutanen Holan da suka ga ya yi faɗi sai suka sa masa wuyan dutsen niƙa, a Sifen kuma lechuguilla, wato ɗan ganyen latas saboda lanƙwashe-lanƙwashensa, kin ga ashe faifan naki ma bai yi nisa ba.

Abin da ya kamata ki fara sani, ba a jikin riga yake ba. Daban ake yin sa, a ɗaura a cire. Farin lilin ne marar kauri ake yanka dogo, manyan sukan ci yadi goma har fiye, a tattare shi a jikin ɗan siririn ƙyalle daidai wuya, leshin a baki-baki kawai ake bi da shi. Sirrin duk yana ga sitaci, wanda wata mata daga Filandas, yankin Beljiyam na yanzu, ta kai sana'arsa Landan a 1564 tana koyar da mata suna biya. A jiƙa shi da sitacin a shanya, sannan a gasa wani ɗan sandan ƙarfe a wuta a dinga cusawa lungu-lungu ana fitar da kowace lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana rubuta lamba 8 a jere har a zagayo, wasu ma sai an tokare su da waya ta ƙasa. Ruwan sama ya taɓa shi ko zufa, shikenan ya yi laƙwas, a koma farko. Shi ya sa sai masu barori. Abin ya kai a 1623 Sarki Filib na huɗu na Sifen ya hana sa shi don almubazzaranci.

Leshin kansa ba irin namu ba ne. Wanda muke saye a kasuwa mu ɗinka wa anko yawanci yadi ne da inji ya yi wa aiki ya huhhuda, masu tsadar daga Lustenau ta Ostiriya da Sen Galen ta Siwizalan suka yi suna. Nasu babu yadi a ƙasa sam, zalla zare ne. Iri biyu: na allura, wanda Banis ta Italiya ta shahara da shi har suna ce masa punto in aria, ɗinki a iska, sai na ƙananan sanduna masu zare da ake sarƙawa bisa matashi ana kafe fil, wannan mutanen Filandas ne gwanayensa. Ki tuna mai surfani da ke zaune wata da watanni kan aska takwas ɗaya, to haka.

Bayan raf ya sauka sai aka koma kwala mai kwanciya a kafaɗa, falling band, mai bakin leshi tsini-tsinin kuma daga baya aka laƙaba mata sunan mai zane Ban Daik, wanda ya yi ta zana Sarki Chals na ɗaya na Ingila sanye da ita. Jikanta na nan har yau, in kin bi ta babbar kotu ki dubi farin ƙyalle mai harshe biyu a wuyan lauyoyi.

Shawarata dai kar ki yi mata cikakken raf. Ga zafin Gusau, ga hoda da za ta goge a jiki tun kafin a fara liƙi, ga sarƙar da aka kashe wa kuɗi ba mai ganinta, kuma da ƙyar za ta iya sunkuyawa. Ki nuna mata wadda ake kira kwalar Medici, sunan dangin Sarauniya Mari ta Faransa, ita tana tashi ne ta bayan wuya kamar an buɗe mahuci, gaban kuma a buɗe. Ki yanko bakin leshi mai kauri, ki sa siririyar waya ta ciki, ki yi mata maɓalli yadda za a cire in za a wanke. Sai dai a gwada ta da ɗaurin kan tun kafin ranar, don in gwaggwaron ya sauko baya za su yi ta karo.